Ranar da Doreen Ta Juya Shafi Biyu

Ranar Asabar ta biyu a watan Oktoba Doreen Halvorsen ta juya shafi biyu lokaci guda, a gaban mutanen garin nan kaf. Daga ranar ba ta ƙara komawa yadda na san ta ba.

Baƙin makaɗa uku daga Prague ne suka buɗe kakar kiɗa ta kwalejinmu: mai fiyano, mai goge da mai babban goge. Doreen tana inda take zama kullum, kan ƙaramar kujera a hagun mai fiyano, cikin baƙar riga. Aikinta ke nan fiye da shekara talatin. Hannayen mai fiyano biyu suna kan aiki, don haka ita ke bin rubutun kiɗan da ido. In ya kusa ƙarshen shafi sai ta miƙe, ta kama kusurwar sama da hannun hagu, ta jira ya ɗan kaɗa kai, ta juya. Ba a sa sunanta a takardar shiri. In aka gama ana tafi ba ta rusunawa. Sai makaɗan sun fita take sulalewa a bayansu.

A ranar, saurayin mai fiyano ya dubi takarda ya ga ba nan yake ba. Ya ture hannunta, ya fizgo shafin da kansa. Goge ya yi gaba, fiyano ya tsaya a baya, can suka sake haɗuwa. Rabin zauren ba su ma lura ba, don mutanen garinmu suna zuwa ne a ga sun zo, su kuma yi tari. Amma ni na ga wuyanta ya yi ja har kunne.

Gidana yana kallon nata. Tarihi na koyar a kwalejin har suka gaji da ni, suka ba ni agogo suka sallame ni. Matata Marit ce mai son kiɗa. Ita ke saya mana kujeru biyu na kaka guda, layi na uku, gefen hagu. Da ta rasu na ci gaba da biya, rigar sanyina tana zama a kujerarta. Ban taɓa gane kiɗan ba. Na karanta littattafan waɗanda suka ce sun gane, na tabbata su ma ƙarya suke yi.

Washegari na tarar da Doreen tana tara busassun ganye a ƙofar gida.

"Farfesa," ta ce, "ta'aziyya ka zo?"

"Wa ya mutu? Wanda ya rubuta kiɗan ya shekara ɗari a kabari, ba zai kai ki ƙara ba."

Ba ta yi dariya ba. Ta dogara da sandar sharar.

"Ka san mene ne mai juya shafi? Gilashin taga ne. In an gan shi, to ya yi datti. Shekara talatin ba wanda ya taɓa ganina a zauren nan. Jiya kowa ya gan ni."

Na buɗe baki da wata magana, amma abin da ya fito shi ne, "Ganyenki na shigowa farfajiyata."

"To kwashe, naka ne na ba ka."

A lokacin na lura hannunta na hagu yana rawa a kan sandar.

Likita ya ce jini ne ya ɗan toshe a ƙwaƙwalwa, kuma zuciyarta ta gaji. Kyle Brandvold, wanda ke shirya kakar kiɗan yanzu, ya buga mata waya cikin ladabi. Ya ce makaɗan zamani daga allon kwamfuta suke karantawa, da ƙafa suke taka wani abu shafi ya juya, ta huta abinta.

Doreen ba hutu take so ba. A watan Afrilu, wanda za a rufe kaka da shi, wata tsohuwa mai fiyano za ta zo daga Budapest, an ce ba ta yarda da allo, sai takarda.

"Sau ɗaya kawai," in ji ta. "Ba zan tafi da wancan a matsayin na ƙarshe ba."

Haka na zama ɗan aikinta duk lokacin sanyin nan. Da rana sai in ratsa dusar ƙanƙara in shiga falonta. Ta zaunar da ni gaban tsohon fiyanon mijinta, wanda ba a taɓa ba tun rasuwarsa, ta buɗe rubutun kiɗa a gabana, ta sa faifai, ta zauna a haguna.

"Kaɗa kai mana!"

"Ina na san lokacin?"

"Kai da ka shekara arba'in kana kaɗa wa shugabannin kwaleji kai? Yanzu ne wuyanka ya ƙage?"

"Da na kaɗa musu, da ba agogo suka ba ni ba."

Wani lokaci hannun ya bi umarni. Wani lokaci takardar ta yi ta kakkarwa tsakanin yatsunta kamar tsuntsun da aka kama. Sai ta ɗaga allurar faifan, ta ce a sake. Ladana shi ne kofi mai kama da ruwan wanke kofi, da dankali da naman da ta gasa a tanda.

A watan Fabrairu ta ce in je in yi wa Kyle magana. "Ɗalibinka ne ai. Amma don Allah, Arvid, ka bar harshenka a gida."

Ban bar shi ba. Kyle ya tarbe ni da murmushin da suke koya a taron bita.

"Farfesa Lindqvist, duk muna ƙaunar Doreen. Amma baƙin nan sun yi ƙorafi. Kuma in ta yanke jiki ta faɗi a kan dandali fa? Ga abin da muka tsara: a Afrilu za mu kira sunanta, ta fito, mu ba ta furanni, ta rusuna a tafa mata."

"Ta rusuna?"

"Ta cancanta ai."

"Kyle, a ajina ma ba ka taɓa gane abin da ake magana a kai ba. Na ga ba ka canza ba."

Murmushin bai gushe ba, amma ya tashi ya buɗe mini ƙofa.

Da na gaya mata zancen furanni, sai ta rufe ido. "A gaban mutane? Gara su harbe ni. Kai me ka ce masa?"

"Gaskiya."

"To shi ke nan, ka binne ni." Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, na riƙe mata kofin ruwa. Ba ta ƙara sa faifan ba.

A farkon Maris ta faɗi a kicin. Bayan asibiti aka sauko mata da gado falo, kusa da fiyanon, 'yar ƙanwarta Lorna ta zo daga Duluth tana jinya. Idon Doreen ya daina jure karatu, don haka nake zuwa da littafi in karanta mata. Ta ce muryata ta fi ƙwayar barci aiki.

Ranar ƙarshe da na gan ta, ina karanta mata labarin wani yaƙi da ba ruwanta da shi, sai ta ce, "Dawo ta nan. Ni a hagu nake zama."

Na zagaya da kujerata. Na ci gaba da karatu. Ina shiga layin ƙarshe na shafin sai na ga hannunta ya taso daga bargo a hankali, ya kama kusurwar sama, ya tsaya. Na kai kalmar ƙarshe, na kaɗa kai. Ta juya. Takardar ko motsin ƙara ba ta yi ba.

"Ka gani?" ta ce. "Ɗaya."

Maganar da na kasa faɗa mata ranar ganyen nan ta sake zo mini baki. Sai Lorna ta shigo da faranti. "Anti, lokacin magani. Farfesa, a bar ta ta huta haka." Na rufe littafin, na ce sai gobe. Da safe na ɗaga labule na ga motar masu ɗaukar gawa a ƙofarta, Lorna tsaye cikin ƙanƙara da silifa.

A coci Kyle ya yi jawabi mai daɗi, ya aiko da furanni manya. Ba ta da halin ƙi.

A Afrilu na je, don na riga na biya. Tsohuwar Budapest ta zo da takardunta, aka ba ta wata ɗaliba mai awarwaro a hannu. Yarinyar ba ta yi kuskure ba, ko da yake da hannun dama take juyawa, tana kare wa tsohuwar layi. Da aka gama ta fito tare da makaɗan ta rusuna, zaure ya ɗauki tafi.

Ni ban tafa ba. Na zauna da hannuna a kan rigar sanyin da ke kujerar Marit, ina kallon ƙaramar kujerar nan ta hagun fiyano. Daga layi na uku, gefen hagu, ita ce abin da aka fi gani a dandalin duka. Na san yadda kafaɗarta ke ɗagawa kafin ta miƙe. Na san tana riƙe numfashi in kiɗa ya yi ƙasa. Tun da Marit ta tafi, duk tafin da na yi a zauren nan ba na baƙin Prague ko Budapest ba ne.

Doreen, ba daidai kika faɗa ba ranar ganyen nan. Ni na gan ki, kowane shafi.