Sunan Baba a Rumbun Mujallu

Ranar Laraba Baba ya rasu, ranar Alhamis ina zaune gaban kwamfuta a Samaru ina neman sunansa. Ban yi kuka ba tukuna. Mutane sai satar kallona suke yi, ni ma ban san dalili ba.

Aiki ɗaya Mama ta ba ni. Obi, mai buga takardu a Sabon Gari, yana jiran tarihin Baba da za a raba a coci ranar Asabar, ya kuma ce in ƙarfe huɗun yau ta wuce ba ruwansa. Tun muna yara Baba yake cewa ya rubuta takardar bincike a kan awaki, lokacin da yake aiki a wata gonar gwaji. Duk dangi sun haddace zancen. Mama ta ce lallai takardar ta fito a tarihin, kuma tunda ni ce mai karatun digiri na biyu, ni zan nemo.

Na shiga rumbun mujallun bincike na intanet da muke amfani da shi a makaranta. Akwatin nema na farko aikin banza ne, ka rubuta awaki ya zubo maka takardu dubu goma sha. Na buɗe shafin da ake tace sakamakon nema. A gurbin marubuci na sa sunan Baba, Obadiah Cindo. Babu. Na bar Cindo kaɗai, na ƙayyade shekaru daga 1980 zuwa 1995. Babu. Na cire shekarun gaba ɗaya, ya kawo min wani Cindo likitan ido.

Na daɗe ina kallon allon. Gabana bai faɗi ba, haushi ma ban ji ba. Yunwa kawai nake ji.

Sai na canza gurbin daga marubuci zuwa duk cikin rubutu, na haɗe sunayen biyu don kada ya raba su, na ƙara awaki. Takarda ɗaya ta fito, ta 1987. Marubuta uku, duk daktoci, babu Baba a cikinsu. Sai can shafi na sha ɗaya na gan shi, a ƙasa, wurin godiya. Layi biyu ne.

Na buga shafin, na hau keke zuwa Chikaji. Na tarar da Mama a tabarma, matan zumunta sun kewaye ta. Ta jawo ni ɗaki.

"Rachel, kin samo?"

"Na samo, Mama. Amma ba shi ya rubuta ba."

"Karanta min."

Na mayar mata da Hausa. Suna godiya ga Malam Obadiah Cindo, wanda ya auna awaki ɗari da ashirin kowace safiya har shekara huɗu, bai taɓa fashi ba.

Ta karɓi takardar, ta sa yatsa a kan sunan, duk da ba ta jin Turanci.

"Biyar ne," ta ce. "Shekarar farko ba su fara rubutawa ba."

"Mama, dama kin sani?"

"Ni da nake wanke masa kayan aiki? Warin bunsuru har cikin sabuluna."

"To me zan ce wa Obi ya buga? Kawunnai suna jiran su ga an rubuta marubuci."

Ta ninke takardar gida huɗu ta miƙo min.

"Ya buga abin da kika karanta min. Ki dai gyara musu shekarun."