Haruffa Masu Dunduniya

Mai Ɗab'i ya rasu ranar Talata da hantsi, a kan kujerar shagonsa da ke ƙasan benenmu. Shekararsa saba'in da huɗu. Ni na same shi, don ƙofata na kallon tasu, kuma matarsa, wadda duk benen ke kira Inna, ta aike ni in ce masa shayinsa ya huce.

Wata uku ke nan da likita ya gaya masa zuciyarsa ta gaji. Tun ranar ya daina karɓar aikin kowa. Ya jawo tsohon akwatin haruffan dalma, ya dinga buga katuna domin Inna, wadda idonta ya yi raunin da ba ta iya karanta rubutun kwalbar magani. Babbar 'yarsu ta daɗe tana cewa in ta Allah ta kasance za ta ɗauke ta zuwa gidanta. Inna kuwa shekara arba'in da ɗaya ta yi a ɗakunan nan biyu, ba ta son barinsu.

Haruffan masu kauri ne, kowanne da faffaɗar ƙafa mai kusurwa kamar tubali, kaurin ƙafar kusan daidai da na jikin. Shi yana kiransu masu dunduniya. Da irinsu muke buga kanun labarai a jaridar da na yi wa gyaran rubutu, da sanarwar da ake mannawa a bango.

"Siraran nan na kwamfuta 'yan gayu ne," ya ce min wata rana. "Ruwa ya taɓa su, sun narke. Waɗannan ko takarda ta jiƙe suna tsaye."

"Kai dai ka ce ba ka iya kwamfutar ba," Inna ta ce daga bakin ƙofa.

"Karanta min wannan tukuna, uwar tsiwa."

Ya ɗaga kati daga can ƙarshen shagon. Ta ƙanƙance ido. "Safe. Ƙwaya ɗaya."

"To, ɗan gayu ya yi miki haka mu gani."

Kwana huɗu bayan rasuwar, 'yar ta shigo da akwatuna biyu.

"Inna, ki haɗa kaya. Wa zai dinga ba ki magani?"

"Babanki ya rubuta."

'Yar ta zagaya ɗakunan. Akwai kati a jikin kowace kwalba. Akwai KUNNA da KASHE a murhun gas, akwai lambar wayata manne a bayan ƙofa. Ta dinga nunawa da yatsa, Inna na karantawa daga kan gado, ba ta kuskure ko ɗaya ba. A kati na goma sha ɗaya 'yar ta daina nunawa, ta zauna a kan akwatin da ta kawo.

"Wata ɗaya," ta ce. "Daga nan mu gani."

Jiya likita ya sauya wa Inna maganin hawan jini: rabin ƙwaya, sau biyu. Na sauka shagon da makullin da ta ba ni, don in buga mata sabon kati. Na iya karanta haruffan dalma a juye, amma ban taɓa ɗaure su a inji ba, kuma babu wanda ya iya a layinmu. Na ɓata kati shida.

Kwalabe biyar na jere a kan kantar ɗakin Inna, kowacce da katinta. Ta shida, ta hawan jinin, tana gefe, babu sabon kati. 'Yar za ta zo ranar Asabar.