Ranar da Akawu Ya Wuce Jar Mota

Akawu ya ci tseren mota ranar da ya rasu. Ni na riƙe masa waya.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ni kafinta ne, ban yi nisa a boko ba, ban kuma taɓa jin kunyar haka ba. Shi kuwa yana da wata tsohuwar kwamfutar cinya da yake buga wa mutane takardun neman aiki. Murfinta ya karye, ni na sassaƙa mata katakon jingina. Fankarta na gurnani kamar injin niƙa.

Da ciwo ya kwantar da shi, 'yarsa Auta ta dawo gida jinya. Ita ta koya masa wasan tseren mota a kwamfutar. Na ce wannan gwangwanin ba zai iya tsere ba. Ta ce ai wasan ba a cikinsa yake ba, yana cikin wata babbar na'ura can nesa, hoto kawai ake turowa ta wayarta. Amma sai sabis ya yi ƙarfi, kuma a ɗakin wuri ɗaya yake kamawa: can saman taga. Ni ne dogo, sai Auta ta miƙo min wayar in ɗaga musu.

"Ni? Da furfurata?" na ce.

"To zauna, Sarkin Fushi," in ji Akawu. "Dama hannun naka ya daɗe da mutuwa."

Na karɓi wayar.

A cikin masu tseren akwai wani mai jar mota. Ba mu san shi ba, ba mu san ƙasarsu ba. Kullum da yamma sai ya wuce koriyar motar Akawu a kwanar ƙarshe. Akawu ya rantse ba zai bar duniya ba sai ya ga jar motar nan a bayansa.

Ranar ko ruwa bai iya haɗiya sosai ba. Auta ta ce a bari sai gobe. Ya ce a tayar da shi. Ta jera masa matasai, ta ɗora kwamfutar a ƙafafunsa. Yatsunsa na rawa, don haka ita ta danne masa totur, shi yana juya motar da yatsu biyu. Na miƙa hannu sama.

"Ga shi can, ɗan rainin wayon!" in ji Akawu. "Taka, Auta, taka!"

"Na taka, Baba, kai dai kada ka ci katanga!"

Ya wuce shuɗiya. Ya wuce farare biyu. Saura ja. Na leƙo in gani da kyau, hannuna ya ɗan sauka, sai hoton ya daskare.

"Hannu, Baba Kafinta! Hannu!"

Na ɗage a kan yatsun ƙafa. Hoton ya dawo, ga kwanar ƙarshe. Ban san sanda na fara ihu ba.

"Ta ciki, Akawu! Shiga ta ciki, ya bar maka hanya!"

Ya shiga. Jar motar ta buɗe da yawa, ta hau ciyawa. Koriya ta tsallake layin ƙarshe. Auta ta saki ƙara har matar maƙwabci ta leƙo ta ƙofa. Akawu ya yi dariya sai da tari ya sarƙe shi.

"Ka gani?" ya ce.

"Na gani. Da ba don hannuna ba, da kana cikin ciyawa."

A fuskar kwamfutar koriyar motar tana juyawa a hankali, wasu 'yan takardu masu launi na zubo mata.

"Bar min ita haka," ya ce. "Kada ka motsa."

Ban motsa ba. Yana kallo, bakinsa a ɗan buɗe. Can sai na ji fanka kaɗai ke ƙara a ɗakin. Auta ta ɗora tafinta a ƙirjinsa, ta daɗe. Sannan ta shafa masa idanu.

"Baba Kafinta," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "sauke hannunka. Ya tafi."

Kafaɗata kamar an zuba mata garwashi. Motar tana nan tana juyawa a gabansa.

"Ba zan sauke ba."