Mai Lamba Ɗari Biyu da Sha Huɗu

Watana uku da fara aiki a sashen gwajin magani, Sista Babba, shugabar ma'aikatan jinyarmu, ta ajiye mini fom a kan tebur. Fom ne na shiga ƙungiyar masu kula da mutanen da ake gwada sababbin magunguna a kansu. Na cusa shi cikin littafin da nake karantawa na manta da shi. Ni ba mai son taro ba ce, ko gaisuwa sai na tsara ta a zuci kafin in buɗe baki.

Fayil ɗin mai lamba 214 ne ya kai ni taron ƙungiyar. A wurinmu ba a rubuta suna, lamba ake ba mutum, amma ni Inna nake ce mata. Dattijuwa ce mai ciwon suga, ba ta taɓa makara ba. Ranar Talata ta zo ƙarfe tara, na auna mata jini, na duba ƙwayoyin da suka rage a kwalbarta, na rubuta, na sa hannu, na ba ta katin dawowa bayan mako biyu. Ranar Juma'a ɗanta ya kawo takardar rasuwarta. Tun Lahadi ta rasu, kwana biyu kafin Talatar.

Duk wanda aka kama ya rubuta zuwan da ba a yi ba, korarsa ake yi, kuma ba sashen da zai sake ɗaukarsa. Ga mai duba fayiloli yana tafe. Na kai wa Sista Babba fayil ɗin. Ta dubi ranakun biyu, ta rufe shi.

"Kin cike fom ɗin nan kuwa?" ta ce. "Gobe akwai taro."

A ɗakin karatu na saman bene suke haɗuwa, da la'asar. Mutum wajen ashirin a kujerun roba, fanka tana ta ƙara. Aka yi awa guda ana maganar firjin ajiye jini da horon da za a ba sababbi. Sai shugaban, wani tsohon mai haɗa magani da suke kira Mai Tabarau, ya juyo gare ni.

"Sabuwar shiga, wa ya zo miki?"

Na faɗa musu labarin Inna. Ba wanda ya ko ɗaga gira.

"Sau ɗaya kawai? Ke 'yar gata ce," in ji wani mai ɗibar jini. "Nawa wata huɗu ya yi yana zuwa, har yana yi mini faɗa wai allurata da zafi."

Aka ɗan yi dariya, gajeriya.

"Kin ba ta ranar dawowa?" Mai Tabarau ya tambaya.

"Na ba ta, Baba."

"To za ta dawo. Mu muka sa su sa hannu cewa za su riƙa zuwa har ƙarshen gwaji. Wasu da gaske suke riƙe alkawari, kuma ita ba wanda ya sallame ta. Kada ki goge komai. Ki yi mata sallama kamar ta kowa: ki karɓi kwalbar, ki karɓi katin, ki gode mata. Ni da Sista za mu zauna mu shaida."

Wani siririn mutum a kujerar baya ya ajiye kofinsa. Ashe shi ne mai duba fayilolin.

"In na ga katin a fayil da hannun shaidu biyu, ba ni da tambaya," ya ce. "In ban gan shi ba, aikina zan yi, 'yata."

Ranar Talatar da na rubuta mata a kati, rana ta cika ɗakin awo. Shaiduna suna bayana, kowa ya duƙar da kai kan takarda. Ƙarfe tara daidai labule ya motsa, ta shigo, ta zauna inda ta saba. Kujerar ba ta yi ƙara ba. Ta miƙo hannu don awo.

"Yau ba awo, Inna. Kin gama."

"Ai wata shida kuka ce. Ko laifi na yi, 'yar nan?"

"Ba ki yi ba. Ba wanda ya kai ki cika alkawari. Mun gode, Inna."

Ta ajiye kwalbar a tebur. Katin kuwa ta fito da shi, amma ta riƙe gefensa gam. Na kama ɗaya gefen. Sanyi na ji yana bin takardar zuwa yatsuna.

"In na ba ki," ta ce a hankali, "ina zan je ranar Talata?"

Wannan tambayar ba ta cikin kowane littafin horo da na haddace. Na saurari bayana ko wani zai taimake ni, ba wanda ya yi ko tari.

"Ki huta, Inna," na ce. "Ba wanda zai sake jiranki a nan."

Ta daɗe tana kallona. Na ja katin kaɗan, kunya kamar ta kashe ni. Sai ta saki.

Ban ɗaga kai na ga fitarta ba. Na maƙala katin a fayil, na tura wa shaiduna suka sa hannu. Washegari mai duba fayiloli ya buɗe na 214, ya shafa katin da yatsa, ya sa hannu a ƙasa, ya ce in miƙo na 215.