Gashin Ƙarshe na Nemoi

Mijina ya haura hamsin da sunan jarirai. Nemoi ake ce masa, wato "ba nawa ba", irin sunan da uwa kan laƙaba wa ɗanta don Mutuwa ta zo ta wuce. A ƙauyenmu na bakin kogin Wisla, yaro na shekara bakwai za a yanke masa gashi gaban jama'a a ba shi suna na gaske mai ɓangare biyu, rabi daga sunan ubansa, rabi abin da ake yi masa fata. Wanda ba a yi wa haka ba, ba ya magana a taron maza. Shi ya sa mijina, ƙato mai ɗaga gungume shi kaɗai, yake zama a bayan fage da yara.

Surukata Dobromila ce ta hana. Mijinta Radowit ya yanke wa 'ya'yansu biyu gashi, Radomir da Radogost, zazzaɓi ya kwashe su kafin su yi gemu. Da aka zo kan autan sai ta ɓoye wuƙa. Kowace shekara ta ce baɗi, har Radowit ya mutu, har gashin Nemoi ya zube, kansa ya zama kamar ƙwarya.

Ran da aka raba gonakin bakin daji aka ba shi mai duwatsu, bai da bakin cewa uffan, sai ya tafi wurin Sudimir, dattijon da ke riƙe da wuƙar suna ta gari.

"Baba, a yi mini suna."

"To, zo da gashi."

"Ga gemu."

"Akuya ma tana da shi. Gashin kai nake nufi."

Ni na sha wahalar. Na shafa masa kitsen alade, na shafa albasa, na shafa zuma, ƙudaje suka riƙa raka shi gona. Ana nan ƙanƙara na narkewa, na ga gashi ɗaya bayan kunnensa na hagu, siriri, fari. Na rantse ko ɗan fari ba a yi masa tarairayar da muka yi wa gashin nan ba. Maigida ya daina kwanciya ta hagu, ya daina tsayawa a iska.

Ranar suna muka dama gero, muka fito da giyar zuma, gari ya taru ana ƙunshe dariya. Nemoi ya durƙusa. Sudimir na laluben gashin da idonsa mai hazo, Inna Dobromila ta matso da sandarta.

"Kauce in nuna maka, tsoho, kada ka yanke masa kunne."

Ta tsige gashin, ta jefa baki, ta haɗiye.

"Inna, me na yi miki?" in ji mijina.

"Wannan?" Ta juya wajen daji tana ɗaga murya don Mutuwa ta ji. "Ban san shi ba. Tsintarsa na yi. Dubi kansa, wa zai so wannan?"

Jama'a suka shanye giyarmu suka watse. Na ji haushinta har na daina sa mata gishiri a miya, ita kuwa ta ce girkina ya gyaru.

Da sanyi ya dawo ta kwanta ciwo. Ta sa aka kira Sudimir, ta karɓi wuƙar, ta jawo kan ɗanta, ta yanki gashin girarsa.

"Gira ba ta cikin al'ada," in ji Sudimir.

"Biyo ni inda za ni ka faɗa mini." Ta shafa sanƙon. "Radomil. Rabin ubanka, rabina. Tun kana ciki na ajiye shi. Yanzu ni zan je wurin Mutuwa da ƙafata, in gaya mata nawa ne, ta taɓa shi ta gani."

Sudimir ya amince da sunan. Bayan mun binne ta, mijina ya shiga taron maza, ya yi magana har aka roƙe shi ya zauna, aka kuma canza masa gona. Sai dai in an kira Radomil a hanya, wucewa yake, sai an jefe shi da tsakuwa ya waiwaya.

Wata safiya ina zuba masa kunu, ya daɗe yana juya ludayi.

"Ke," ya ce, "in ba kowa, riƙa ce mini Nemoi. Da faɗa-faɗa, yadda Inna take yi."