Safar da Na Saƙa wa Bindigar Aulis

Tun da Aulis Kettunen ya sauko daga mota ya kasa tsayawa wuri ɗaya. Ya zo teburina ya karɓi gahawa, ya ajiye bai sha ba, ya je ya buɗe jakar bindiga, ya rufe, ya dawo yana tambayata ƙarfe nawa. Shekara talatin ina dafa gahawa a filin harbin ƙauyenmu, ban taɓa ganinsa haka ba.

Ranar ce ta ƙarshe ta gwajin harbi kafin a buɗe farautar hirvi, ƙatuwar barewar dazuzzukanmu. Harsashi huɗu, cikin minti ɗaya da rabi, duka su faɗa cikin da'irar da ke ƙirjin hoton dabbar. Wanda ya faɗi, bana aikinsa hura wuta da gasa wa maza tsiran alade. Aulis kuwa wannan ce kakarsa ta hamsin a daji, ya riga ya gaya wa kowa.

Kunnensa na hagu ya mutu tuni, shi ya sa 'yarsa ta saya masa abin rage ƙara, wanda ake murzawa a bakin bindiga. Mu nan gwangwani muke ce masa. Abin nan da zafi yake in an yi harbi biyu uku, tururinsa ya riƙa rawa a gaban madubin saitin bindiga. To ni ce na saƙa masa safar ulu ja ya sa wa gwangwanin. Matarsa Rauha ya gaya wa wai a kasuwar birnin Kajaani ya saya. Kafin ya aure ta ni yake kaiwa wurin rawa, amma wannan tsohon zance ne.

Ya zauna ya gwada na farko. Biyu suka shiga, biyu suka kauce ƙasa. Na biyu ma haka, sai dai wannan karon gefe suka nufa.

Pentti, mai kula da gwajin, ya leƙo daga rumfarsa. "Tsoho, ƙirjin ake nema. Kofaton me ya yi maka?"

"Iska ce."

"Wace iska? Ko hayaƙin tabata bai karkace ba. Duba gwangwaninka, ko ya saki."

"Bayan kowane zagaye nake ɗaure shi, ba ka gani?" Ya kama shi ya murɗa da ƙarfi har yana cije leɓe.

Rauha tana tsaye kusa da ni, tana ta juya cokali a kofin da babu komai. "In ya faɗi, Impi, gidan nan ba zai zaunu ba har Kirsimeti. Bina zai riƙa yi ɗaki ɗaki yana huci."

Na uku ya lalace. Na huɗu ya fi su muni, harsashi ɗaya ko allon bai taɓa ba. Sau biyar ake yarda mutum ya gwada a zama ɗaya. Maza suka daina dariya, suka koma kallon takalmansu. Aulis ya tashi, ya zauna, ya cire hula, ya mayar. Ya sake kai hannu ya murɗa gwangwanin.

A nan na gani. Akwai farin zare da na bi da shi a jikin safar don ado, na ga zaren ya zagaya sau ɗaya da rabi a hannunsa. Gwangwanin da aka ɗaure tam ai ba ya zagayawa haka. Safar ce ke yawo a kai, ƙarfen na nan yadda yake. Ni na san dalili, na yi mata idon saƙa da yawa don kada ya sha wahalar sa ta.

Na kai buta bakin wuta, na dawo da ita. Na goge tebur mai tsabta. Pentti ya ɗaga hannu zai ba da izini.

"Aulis!" na ƙwala. "Cire safar nan! Ta yi faɗi, ido arba'in da huɗu na sa mata maimakon talatin da shida!"

Rauha ta daina juya cokali.

"A Kajaani kike saƙa yanzu, Impi?"

"Bari mu ga harbin tukuna, 'yar'uwa."

Pentti ya sa Aulis ya cire harsasai ya buɗe bindigar. Aulis ya zare safar, ya taɓa gwangwanin da yatsa, sai ga shi yana girgiza kamar haƙorin tsohuwa.

"Jira ya huce," in ji Pentti.

Ina! Ya damƙe shi da tafin hannu ya murza har ya tsaya cak, ya saki wata ashar da ba zan rubuta ba. Ya zauna yana yarfa hannun, ya hura masa iska, ya ɗora a kan bindigar.

Ɗaya. Biyu. Uku. Sai ya tsaya. Pentti na kallon agogo, ni ina kallon ƙeyar Aulis, Rauha na kallona.

"Sakan goma, tsoho!"

Ya harba.

Pentti ya taka zuwa allon, tafiyar da ba ta ƙarewa. Ya durƙusa, ya sa tabarau, ya cire, ya goge da riga. Uku suna ciki sarai. Na huɗun a kan layi yake.

"Ya taɓa layin," ya ɗaga murya. "Ka ci, amma da kyar!"

Aulis bai ko juyo ba. Ya miƙe ya wuce mu kai tsaye, ya tsoma hannunsa cikin bokitin da nake wanke kofuna, ya ce a gaya wa shugaban farauta shi a bakin fadamar arewa zai tsaya ranar Asabar.