Abin da Sandra Ta Ƙi Faɗa

Duk kasuwar Gudu da ke Abuja babu wanda bai san 'yar Magdalene mai doya ta yi jami'a ba, domin ko doya ɗaya ka zo saya sai ka tafi da gyaran labari. Sandra ta karanta saikoloji, wato ilimin halayyar ɗan Adam, ta yi bautar ƙasa, ta koma ta ƙara digiri na biyu. Yanzu tana horo a wani asibiti ƙarƙashin wata ƙwararriya, Dokta Christina, kuma sai ta gama za a yi mata rajista ta fara ganin mutane ita kaɗai. Magdalene ba ta gane rabin wannan doguwar hanya ba, amma tana zayyano ta tiryan-tiryan kamar ita ta shimfiɗa ta.

Wata Lahadi ana tashi daga coci a Kurudu, maƙwabciyarta Justina ta ja ta gefe. Ta ce da idonta ta ga Kindness, yarinyar da Andrew ɗan Magdalene zai aura, ta shiga ofishin su Sandra.

"Wurin masu taɓin hankali fa, Maman Andrew. Ni dai na ce in gaya miki kafin ku kai kaya."

Magdalene ta iso gida ko ɗankwalin coci ba ta cire ba, ta tarar da Sandra tana tsintar wake.

"Ke, mene ne ya kai Kindness wurinku?"

Sandra ba ta daina tsintar ba. "Mama, ba zan ce ta zo ba, ba zan ce ba ta zo ba."

"Wane irin magana ne wannan? Ni ce fa, mamanki. Yayanki zai auri yarinyar nan!"

"Ko Fasto ne ya tambaya, amsa na ke nan. Wanda ya shiga ɗakin nan, maganarsa tana mutuwa a ciki. In na buɗe baki sau ɗaya, bar zancen rajista ma, wa zai sake zama gabana? In kina son sani, ga Kindness nan, ki tambaye ta."

Magdalene kuwa ba ta saba a ce mata a'a a gidanta ba. Ta ce a ajiye maganar kai kaya sai ta ji gaskiya. Ta yi faɗa, ta yi kuka, ta tuna wa Sandra yawan doyar da ta ɗauka a ka don karatun nan. Da hakan bai ci ba, ta ƙi cin abincin Sandra, ta daina amsa gaisuwarta. Sandra ta ci gaba da durƙusawa kowace safiya, ta ajiye mata kunu, ta tafi neman mota idanunta jawur. Fushin uwa yana ci mata rai, kowa ya gani. Amma yarinyar nan sai dai a sara mata, ko da ido ba ta nuna e ko a'a ba.

Ana cikin haka ne abin ya fara juya wa Magdalene ta wani gefe. Ita ma tana da nata kayan da take dako. Tun ranar da aka kai hari ƙauyensu aka kashe mijinta, ta kwaso yara suka gudo Abuja, ba ta sake samun barcin kirki ba. In yara suka fara wasan wuta mai ƙara kamar bindiga lokacin Kirsimeti, ƙarƙashin teburin doya take shigewa, ta fito tana cewa ɗankunne take nema. Sau ɗaya ta taɓa faɗa wa wata 'yar zumuntar mata abin da ta gani a ranar. Kafin mako ya zagayo, an miƙe da sunanta a gaban coci ana yi mata addu'a da ƙarfi. Daga nan ta rufe bakinta, ta yanke cewa ba a halicci mutumin da zai iya riƙe magana ba.

Ga shi kuma ita ta haifi irinsa, har tana fushi da shi.

Da safe Sandra ta kawo kunu kamar kullum. Wannan karon Magdalene ta karɓa, ta kurɓa, ta daɗe tana kallon kofin.

"Ki gaya wa Andrew a kai kayan," ta ce. "Yarinyar da ta san ta nemi taimako ta fi wasunmu hankali. In ma ta je ɗin."

Sandra ta ce to, za ta gaya masa. Magdalene ta sake kurɓar kunun.

"Wannan ogar taku, Dokta Christina. Ita ma haka bakinta yake?"

"Ita ta koya mini."

"Ko ke kika tambaye ta abin da mutum ya faɗa?"

"Ko ni, Mama. Kuma ba a yarda in duba uwata ba, don haka ba zan shiga ɗakin ba."

Magdalene ta share ido da bakin zani. Tsoro take ji, tsoro sosai, amma a karon farko ta ji maganar tana son fitowa.

"Ranar Laraba ba zan je kasuwa ba," ta ce. "To, in Justina ta tambaye ki ina na tafi fa?"

Sandra ta karɓi kofin, ta riƙe hannun uwarta.

"Ba zan ce kin je ba, Mama. Ba zan ce ba ki je ba."